Wilin da Surukina Ya Lanƙwasa

Ni mutum ne mai saurin hasala, ban taɓa ɓoye wannan ba. A garinmu Balan an san ni: in teloli suka ɓata min riga, sai layin ya ji muryata. Amma akwai rumfa ɗaya a Gaya da nake shiga kamar an zare min laka, rumfar gyaran baburan surukina, mahaifin matata. Tun daga nesa nake kashe babur, in turo shi da hannu, in cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi. Ba na kallon idonsa, ba na cin ko gyaɗa a gabansa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce, “Malam, an iso?”

Tun da na auri 'yarsa ban kai babur ɗina wajen kowa ba. Ba doka ya kafa min ba. Amma a Gaya, in aka ga suruki ya wuce rumfar surukinsa ya tsaya a ta wani, kafin la'asar magana ta zaga gari cewa ya raina aikin tsohon.

Wata damina ƙusa ta huda min tayar gaba, na turo babur ɗin har rumfa. Baba ya kwance wilin ya kwantar a ƙasa, ya sa liba zai ɓanɓaro tayar. Libar ta kuɓuce. Ya sake sa ta, ta sake kuɓucewa. Sai ya ɗauko guduma, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya kai duka, dukan ya sauka a bakin ƙarfen wilin maimakon libar. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ya ƙara, ya sake samun ƙarfen. Ina durƙushe ina kallo ta gefen ido, na ga ba dubawa yake yi ba, lalube yake da yatsu. Ya yi facin, ya mayar, ya ce, “To, Malam, Allah ya tsare.” Na ce, “Amin, Baba, Allah ya ƙara girma.”

Ban bar gari ba na ji kan babur ɗin yana rawa a hannuna. In na ƙara wuta, sai ya riƙa fizga kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Na tsaya a gefen wata gonar gero na juya wilin, na ga yana tafiya yana lanƙwasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da wani ne ya yi min wannan aika-aika, da a ƙafa zan koma in sauke masa kwandon magana. Na tsaya ina huci ni kaɗai, babu wanda zan yi wa faɗa sai gero.

A gida na gaya wa matata. Tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar.

“Idonsa ne,” in ji ta. “Yanar ido ce ta fara rufe shi. Inna ta gaya min, ta ce kada kowa ya ji. Don Allah, Malam, kada ka ce masa komai. Rumfar nan ita ce rayuwarsa.”

Fushin ya sauka, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Mutumin nan ya koya wa rabin kanikawan Gaya riƙon sifana. Tausayinsa ya kama ni, kuma tsoro ya kama ni, don ba ni kaɗai nake kai masa babur ba.

Haka na ci gaba da hawa a hankali, ina lallaɓawa. Na kai taki gona a kansa. Har matata na goya da jaririyarmu zuwa wani suna a ƙauyen da ke gaba da mu, ina riƙe da kan babur kamar zan karya shi, ina karanto duk addu'ar da na sani. Da muka dawo lafiya na ce a raina wannan ganganci ya isa.

Ranar kasuwar Ajingi na ɗora buhun gyaɗa na tafi, don in an gan ni a hanya a ce kasuwa na je. Can bayan 'yan hatsi na sami wani bakanike da bai san ni ba. Ya juya wilin sau ɗaya ya yi tsaki.

“Wane makaho ne ya yi maka wannan aikin?”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ya iya bakinsa, wanda ya yi aikin nan ya haife shi a sana'a. Ya dube ni da mamaki, ya ce Allah ya ba ni haƙuri, shi dai ya san wilin nan ba ya gyaruwa, sai sabo. Na ce ya sa.

Sabon wili yana ƙyalli, kowa ya gani ya san an canja. A hanyar dawowa na tsaya a bakin wani kududdufi na kwaɓa taɓo na shafe shi tas, ina jin kaina mai dabara.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je gaisuwa kamar kullum. Na ajiye babur ɗin nesa da rumfa. Muka gaisa, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen gida. Sai ya tashi ya nufi babur ɗin, ya tsuguna, ya bi bakin wilin da tafin hannunsa har ya zagayo. Taɓon da na shafa don ido na shafa shi, na manta Baba ya daina aiki da ido.

Ya daɗe a tsugune. Ni kuwa kaina yana ƙasa.

“A ina aka sa?”

“Ajingi, Baba.”

“Wancan ɗin, ni na ɓata shi ko?”

Na ƙara sunkuyar da kai. Hakan ya ishe shi amsa.

“An ce min kun je suna. A kansa ka goya su?”

Na ce, “E, Baba.”

Ya goge hannunsa a jikin rigarsa a hankali. “Malam, kunya abu ne mai kyau. Amma da ka faɗi da yarinyar nan da abin da ke bayanta, wa za ka ji wa kunyar?” Bai taɓa yi min magana mai tsawon haka ba. Muryarsa ba ta faɗa ba ce.

Na yi zaton ina kare mutuncinsa ne, shi kuwa jikarsa yake tunani.

Ya ce, “An daɗe ana ce min in je Kano a duba idon nan, ina ƙi. Ka zo da safe ka kai ni tasha.”

Washegari na zo. Ya rufe kayan aikinsa a akwati ya sa kwaɗo. A al'adarmu suruki ba ya raɓar surukinsa, ban san yadda za mu yi da zama a kan babur ɗaya ba. Shi ya raba gardamar: ya hau baya, ya ɗora hannunsa a kafaɗata, ya riƙe sosai. Na ja a hankali. Da muka yi nisa, na lura ya karkatar da kai yana sauraron ƙafar gaba.

Da muka kusa tasha ya ɗan matsa kafaɗata.

“Yaron nan na Ajingi,” in ji shi, “ya iya aiki.”