Tsohon Da Ya Sha Fura a Kano

Shekarata ta biyu a jami'a, a garin Bron na ƙasar Faransa, ɗakina yana kallon na wani tsohon Bafaranshe. Mukan haɗu a matakala, ya ɗaga hula, in ce masa bonjur. Ran nan ya ji ina waya da innata ta Damagaram. Ina kashewa sai ya ce, da Hausa, "Sannu da aiki."

Saura kaɗan wayar ta faɗi.

"Baba, a ina ka samo wannan?"

Ya yi dariya, ya koma Faransanci. Ashe a yaƙin duniya na biyu yana cikin rundunar jirage masu jefa bam. Shi ne mai duba taswira, yana gaya wa matuƙi hanya. Su uku ne a jirgi, dukansu ba su kai ashirin da biyar ba. Suna kan hanyar Cadi injin ya ba su matsala, suka yi makonni a Kano. Kullum da hantsi wata mai fura takan zo bakin filin jirgin. Ita ta koya musu gaisuwa.

Daga nan na riƙa shiga wurinsa ranar Lahadi. Ya ba ni labarin horon da suka sha a hamada, suna jefa bam ɗin siminti kan da'irar farin dutse har hannu ya saba. Bayan nan aka kai su Ingila.

"A can ne aka ba ni taswirar ƙasata," in ji shi. "Tashoshin jirgin ƙasa da za mu jefa wa bam. Na san sunan kowane gari tun ina yaro ɗan lakwal."

Matuƙinsa bai ga ƙarshen yaƙin ba, hotonsa ne a kan firji.

Da na je Paris hutu, na biya unguwar Aubervilliers wurin wata Hajiya 'yar Cadi, na samo gero. Na dawo na yi fura, na dama da yawurt tunda babu nono. Ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Ba haka take ba," ya ce. "Tata ta fi yaji."

"To, Baba, kawo in mayar."

Ya rungume kwanon da hannu biyu, sai da ya shanye.

Da ƙafafunsa suka gaza, 'yarsa ta mayar da shi wurinta a Paris. Na ziyarce shi sau biyu. Bayan rasuwarsa ta kira ni, ta ce in zo jana'iza in zauna a layin iyali. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar. Na ɗaura kallabina na zauna, jikarsa ta riƙe hannuna har aka tashi.