Kiɗan Dambe a Lasifikar Masallaci

Har gobe ban manta da ranar da na kusa rasa sana'ata a Babura ba. Ku yaran yanzu kuna karanta takardar bayanin da ke cikin kwalin na'ura. Ni daga aji uku na tsere, iyakar ilimina na haɗa waya ja ya bi ja, baƙi ya bi baƙi. Da shi nake gyaran lasifikar masallatai tun daga Kazaure har Kanya Babba.

Wata Laraba Alhaji Sale, babban dillalin hatsi, ya aiko kirana. Mutum ne mai tsare gida, ga masallaci a ƙofarsa, ko kiɗan biki ba ya bari a yi a layin. Ɗansa ya kawo masa doguwar sifikar nan mai kama da taɓarya da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, yana so a ƙara ƙananan sifiku biyu a bayan kujera.

Irin wannan sifikar ba ta da ramin jan waya. Sai an ɗauko sauti daga bayan talabijin a kai wa ƙaramar amfilifaya, ita ta raba. Na haɗa. Saura jan waya ta silin, ni kuwa gwiwata ba ta shiri da tsani. Sai na hango wata tsohuwar waya bayan labule, ga irinta tana reto a kusurwar baya. Na ce ai guda ce, Allah ya hutar da ni. Na ɗaura amfilifaya a nan, sifiku a can.

Alhaji ya murza mukulli, ya rage murya. "Malam Ado, abin da za ka gani ya tsaya a ɗakin nan."

Ya zaro filas ɗin bidiyo daga aljihu, ya soka a talabijin. Dambe! Kalangu ya ɗauka, amma sifikun baya shiru.

"Ƙara mata wuta," in ji Alhaji.

Na murɗa har ƙarshe. Shiru dai. Sai muka ji ana dukan ƙofa kamar za a karya.

"Alhaji! Lafiya kuwa?" Muryar Liman ce. "Kalangu ke tashi a kan masallaci, ga jama'a na alwalar La'asar!"

Ashe a da a ɗakin nan ake ajiye amfilifayar masallaci saboda ɓarayi, wayar kuma har yau tana haɗe da lasifikar sama. Na fizge ta. Alhaji ya dube ni, gumi na bin gemunsa. Liman ɗin nan shi ke haɗa ni da kwamitocin masallatai. In na ce ni ne, abincina ya tafi. In na yi shiru, mutuncin Alhaji ya zube a ƙofar gidansa.

Na buɗe ƙofa. "Allah gafarta Malam, ni ne. Filas ɗin gwajina ne."

"Da furfurarka, Ado?"

Alhaji ya sako baki daga bayana: "Sai da na ce masa ya sa wa'azi!"

Wallahi na kusa tona shi, amma na haɗiye. Liman ya hana ni taɓa wayar masallacinsa, wasu masallatan ma suka daina kirana. Bayan wata biyu aiki ya fara zuwa mini daga Roni da Gwiwa, kowa ya ce Alhaji Sale ne ya turo shi.

Don haka wayar da ba kai ka ja ba, bi ta har ƙarshenta kafin ka ba ta wuta. Wanda kuma ya shigar da kai ɗakinsa, asirinsa ya damƙa maka tare da talabijin ɗin, ko da shi ne zai fara zaginka a gaban jama'a.