Neman Kabari a Sawakin

Wata rana, shekarun baya kafin rikicin Sudan, jiran jirgin ruwa ya zaunar da ni a Sawakin.

Umara za ni. Na ce bari in bi ta ruwa in ga duniya. To, na gan ta.

Ga wanda bai san Sawakin ba, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin Bahar Maliya. Nan kakanninmu masu zuwa Makka a ƙafa suke ƙare tafiyar ƙasa, su jira abin da zai tsallaka da su Jidda.

Yanzu tsohon garin duk ya zube. Benayen da aka gina da dutsen teku sun durƙusa, kyanwoyi ne masu gari.

Zafi kuwa, kada ma a fara. Ni Basakkwace ne, na ɗauka na gama sanin zafi. Ashe namu wasan yara ne. Na can jiƙaƙƙe ne, ka yi wanka ka fito kana neman wanka.

Aka ce jirgi gobe. Goben ta zo, aka ce jibi. Muka yi ta tsaki, tsaki kuwa ba ya tuƙa jirgi.

Mutum ɗaya ne jinkirin bai dama ba. Wani dattijo daga wajen Ɓaɓura da muka sauka masauki ɗaya. Dogo, marar magana, kullum hirami ya naɗe masa kai da rabin fuska saboda iskar zafi.

Shi kabari ya zo nema.

Ni kun san ni, ba na shiga sharo ba shanu. Amma zaman jira yana sa kurma ma ya ji labari.

Ubansa wanzami ne, Mati sunansa. Shi ya yi masa askin suna da hannunsa, ya yi masa tsagar gidansu. Kafin a yaye shi, Mati ya rataya zabira ya kama hanyar Makka a ƙafa, yana aski yana ci har Sudan.

Daga baya alhazan da suka dawo suka kawo labari: zazzaɓi ya kashe Mati a Sawakin yana jiran jirgi.

Uwar ta yi takaba. Ta ƙi aure. Da dakau ta raini yaron, tana gaya masa ubansa a hanyar Ɗakin Allah ya cika, ba kowa ke samun wannan ba.

Da ajalinta ya matso, abu ɗaya ta roƙe shi: ya nemo kabarin, ya tsaya a kai ya yi addu'a. Ya ɗaukar mata alkawari.

Ga shi ya zo, da alkawari a wuya da tsohuwar askar uban a aljihu. Shi ma wanzancin ya gada, wurin baffansa ya koya.

Kullum da safe sai ya fita maƙabarta. Kaburbura ba suna, ba alama, sai duwatsu da rairayi. Yana tambaya da Hausa, ana ba shi amsa da Larabci. Wanda ma ya ji Hausar sai ya ce, mamacin shekara sittin da ɗoriya? Allah ya jiƙansa, Malam, amma wa zai sani?

In rana ta take sai ya dawo rumfar wata mai shayi a bakin hanya, inda muke fakewa. Bahaushiya ce haihuwar can, irin 'ya'ya da jikokin waɗanda suka zo ba su koma ba. Gahawarta mai citta ce, tana da kyau, ba zan ci amanarta ba.

A bayan rumfar akwai gadon igiya. Wani tsoho makaho yana kwance a kai, fata da ƙashi, ba ya cewa uffan. Ubanta ne. Mutanen unguwa Muhammadu mai aski suke ce masa.

Dattijon nan namu irin mutanen da ne. Ba ya hira da matar da ba tasa ba, ba ya ɗaga ido ya dube ta. Kai a sunkuye zai miƙa hannu ya karɓi kofi, kai a sunkuye zai ajiye.

Ya tambayi masu kamun kifi. Ya tambayi ladan. Ita kaɗai bai tambaya ba.

Rannan aka ce jirgi ya iso, da la'asar za a shiga. Kowa ya hau ɗaure kaya.

Dattijo ya dawo daga maƙabarta hannu rabbana. Ya zauna a benci kamar an jefar da shi. Karo na farko ya kwance hiramin nan ya share gumi.

Mai shayi tana zuba mini gahawa. Sai na ga gahawa tana zuba a ƙasa, ita kuwa idonta na kansa.

Ta ce, "Malam, don Allah, wa ya yi maka tsagar nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mahaifina, Allah ya jiƙansa."

"Bahago ne?"



"Haka aka ce mini."

Ta ce, "To ɗago ka dube ni, Yaya. Ba haramun ba ne."

Ya ɗago.

'Yan baka uku-uku, da bille ɗaya da ya karkace ya bi ta inda ba a saba ba, aikin hannun hagu. Abin da ke fuskarsa shi ne a fuskarta. Ni da ke gefe ma sai da na ajiye kofi.

Ta kama bakin rigarsa ta ja shi bayan rumfa. Ta ɗauki hannun makahon nan na hagu ta ɗora a kumatun baƙo.

Yatsun suka bi tsagar a hankali. Suka koma suka sake bi.

Tsoho ya ce, "Aikina ne."

Bai kira sunansa ba. Ɗan fari ne, ba a faɗi. Shekarun nan duka, wannan kunyar ma bai yar ba.

Dattijo ya durƙusa. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Ya ce, "Baba, an ce mana ka mutu."

"Ni na ce a ce."

"Don me?"

"Ruwan nan na gani. Kwalekwalen da ya tashi gabanmu ya kife ina kallo. Na ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ƙafata ta ƙi. Duk gari sun raka ni har bayan ganuwa suna ce mini Alhaji. Da wane ido zan koma?"



Can tsohon ya sake cewa, "Tana nan?"

"Ta rasu. Har ta koma ga Allah, duk Juma'a tana yi maka sadakar waina."

Tsohon ya juya fuska ga bango.

Ni dai na koma na ƙarasa gahawata. Ba wurin tsayuwata ba ne.

In faɗi gaskiya, haushinsa na ji. Mutum ya taka daga ƙasar Hausa har bakin teku, bai ji tsoron kura ba, bai ji tsoron ƙishirwa ba, sai bakin mutanen garinsu. Ya gwammace matarsa ta yi masa takaba da ransa, da a ce ga Mati can ya dawo ba aikin hajji.

Kuma na ji tausayinsa. Duk biyun na ji, ba wanda ya kori wani.

La'asar ta yi, mota ta zo ɗaukarmu zuwa tasha. Na leƙa na ce wa dattijo lokaci ya yi. Ya ce in yi gaba, Ka'aba tana nan ba inda za ta.

Da motar ta biyo ta gaban rumfar na hango su. An ta da tsohon zaune. Mai shayi na riƙe da kwanon ruwa. Dattijo ya jiƙa masa kai, ya fito da askar nan da aka bari a gida tun yana goye, yana yi wa ubansa aski.

Ko ya yafe masa, ban sani ba. Ban tambaya ba. Hannunsa dai na ga ba ya rawa.

Darasi:

Wanda ke jiranka a gida kai yake jira, ba tsarabarka ba.

Akwai 'yan'uwanmu a Legas, a Agadas, a Libiya, a Jidda, sun kashe waya sun ɓace don abin da suka fita nema bai samu ba. Suna gudun abin da gari zai ce. Gari zai yi surutunsa ya gaji, ya koma kan wani. Wadda ta haife ka ko wadda ka bari da goyo ce za ta tsufa tana kallon ƙofa.

In ba ka samu ba, koma. In komawar ta gagara, ɗaga waya ka ce kana raye.

Tura wannan gaba. Wataƙila ya faɗa hannun wani da ake yi wa sadaka alhali yana shan shayi a wani gari.