Hudu, Mai Dawo Mana da Fuskokin 'Ya'yanmu

Ni dai ko koko ban taɓa ganin Hudu ya sha a zaune ba. Shekara da shekaru tukunyata tana kallon ƙofar shagonsa a layinmu na Nima, nan Accra, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Ana idar da sallar asuba zai ɗaga ƙofar ƙarfen nan mai ihu, ya bi tsofaffin kwamfutocinsa da tsumma, ya kunna su, ya kasa kunne yana sauraron numfashin kowacce. Sai ya tsallako ya miƙo kofi. Kafin in ce ga ƙosai, ya yi Maamobi gyaran firintar wata makaranta, ko ya ɗare mota zuwa Adabraka neman wani ɗan ƙarfe. Har na sa masa suna Ƙafa-ba-hutu.

Kwamfutocin nan a hannun masu tsohon ƙarfe ya tsinto su, ya raya su da wata manhaja da ake kira Linux, wai ita ce ba ta raina tsohon inji. Da can samari ne ke cika shagon. Da waya ta shiga aljihun kowa, sai aka bar masa mu. Mu kuwa idonmu ya tsufa. Ɗanka yana Italiya ko Jidda, a nuna maka shi a waya kamar ƙwayar gyaɗa, ina za ka gane ya rame ko ya yi ƙiba? Sai Hudu ya ware mana kwamfuta mai babban gilashi a lungu. Idan ya haɗa kira, ya ja labule ya fita. Ya ce maganar uwa da ɗa ba ta kunnensa ba ce.

To, wannan kwamfutar ta lungu ita ta hana shi sukuni. Ana tsakiyar magana sai fuska ta ɓace, murya ta ɗauke, gilashi ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai 'yan fararen haruffa a sama da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Wasu suka ce aljanu, wasu suka ce wutar Accra ce da halinta. Hudu ya ce mana ba mutuwa ta yi ba. Wai injin ɗakuna gare shi, ɗaya na hotuna, sauran na rubutu zalla, kuma da maɓalli uku ake zagayawa tsakaninsu. Dawo da ita bai taɓa gagararsa ba. Abin da ya gagare shi, me ke tura ta can? Ya canza wayar wutarta, ya buɗe cikinta ya hure ƙura, ya sa mata fanka, ya canza allon maɓallan gaba ɗaya. Ya wuni a kanta yana dannawa, lafiya lau. Tsohuwa na zama, sai baƙi.

Na ce masa, "Ko dai ba ta son warin man zafinmu ne?"

Ya ce, "Mma, bar ni kawai. Injin nan zai sa ni furfura kafin lokaci."

Sai ranar Amama. Amama maƙwabciyata ce, mai sayar da wake da shinkafa a bakin gota, babbar kwatar unguwarmu. Ɗanta Iddrisu ya bi hanyar sahara ba sallama, ita kuma cikin zafin rai ta rantse ba za ta ƙara yi masa magana ba. Shekaru suka shuɗe, yana aiko gaisuwa tana kau da kai. Ran nan da hantsi aka aiko cewa yana asibiti a Italiya, za a yi masa aikin zuciya, an ara masa waya na ɗan lokaci kafin a tura shi ciki. Abu ɗaya yake roƙo, uwarsa ta yafe masa.

Ta zo mayafi a karkace, ƙanwarta Memunatu tana riƙe da ita. Hudu ya haɗa kiran, ya ja labule, aka kira shi gyara a bayan masallaci, ya tafi. Ni ma na bar tukunya na bi su, kun san ni. Na ga Iddrisu kwance cikin rigar asibiti, ya yi furfura a gemu. Amama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe ta ce, "Iddrisu, na..."

Baƙi ƙirin.

Ta koma zaune ta dafe kai. "Innalillahi! Ya tafi! Allah ya ƙi karɓa, bakina ya kama shi!"

Memunatu ta durƙusa tana laluben soket. "Bari in cire waya in mayar, haka ake yi wa talabijin."

Na leƙa waje na kwarara ihu, "Hudu!" Mai shayi ya karɓa, tela ya miƙa wa mai aski, sunan ya bi layi har bayan masallaci. Sai ga shi a guje, takalmi ƙafa ɗaya, tun daga nesa yana cewa, "Kar a kashe! Anti Memuna, sake wayar nan! Kina cirewa kiran ya yanke, kuma can ba za su jira mu ba!"

Ya faɗo ciki yana haki. Yatsu biyu a maɓallan ƙasa na hagu, ɗaya a layin sama. Cikin gaggawa ya danna ba daidai ba, wani baƙin ya sake fitowa. Amama ta fara salati. Ya ja numfashi ya sake.

Ga Iddrisu, yana ta kira, "Mma! Mma, kina ji na?" A bayansa wata ma'aikaciya ta riga ta kama ƙarfen gadon.

Amama ta sake yunƙurawa za ta miƙe. A wannan karon Hudu bai fita ba, shi ya sa ya gani. Kun san mu, ba ma sa albarka da baki kawai, sai mun ɗora hannu a ka. Hannun dama ya nufi goshin yaro a gilashi, na hagu kuma, saboda gwiwa, ya nufi abin dafawa. Abin da ke kusa shi ne gefen allon maɓallan. Tafin hannu a kan biyun ƙasa, yatsu a layin sama. Ashe duk watannin nan mu ne muke tura 'ya'yanmu cikin duhu, daidai lokacin da muka fi son taɓa su.

Hudu ya cafe hannun tun yana sama. Ya durƙusa a gefenta, ya ɗora shi a kafaɗarsa. "Dafa nan, Mma. Faɗa masa."

Ta dafa goshin ɗanta ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya tashe ka." Iddrisu ya rufe fuska da hannu, aka tura gadon. Hudu bai motsa ba har sai da ta gama kukanta. Ranar na fara ganin Ƙafa-ba-hutu ya tsaya wuri ɗaya.

Kai ne, Hudu, wanda bai ce mana "ku daina taɓawa" ba. Da wani ne, da ya manna takardar gargaɗi, mu da yawancinmu ba ma karatu. Kai kuwa ka toshe hanyar maɓallan nan a cikin injin, sannan ka je wajen kafinta ka kawo guntun katako ka kafa a gefen teburin, daidai inda hannun tsohuwa ke sauka. Kai ne ka yi watanni kana zargin injinka, ba ka taɓa zargin mu ba.

Iddrisu ya tashi, alhamdu lillahi. Duk Juma'a yanzu sai Amama ta zo ta yi masa faɗan rashin aure.

Wannan watan Hudu zai miƙa wa 'yar wansa Ruhaina makullin shago, ya koma garinsu Bawku. Wai baya ya gaji, wai zai huta. Ni dai sai na gani. Mun gode, ɗana, Allah ya saka, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka. Ku kuma masu gyara na Zongo, in abu ya ƙi ku, kafin ku daka wa mai shi tsawa, ku tsaya ku kalli inda hannunsa yake zuwa. In kun bi ta layinmu ku shiga ku ga katakon nan. Ba a taɓa shafa masa mai ba, amma yana sheƙi.