Tambayar Da Jika Kaɗai Zai Iya Yi

Kakata ta wajen uba, wadda duk garinmu Kajiji ke kira Inna, ba ta da sunan da take kirana da shi sai "angona", ko "ragon miji" in na zo mata hannu rabbana. Ni ma ba na raga mata. In ce na sake ta, ta ce dama wa ya ɗaura auren.

Ina shekara ta shida da fara aikin jinya a wani asibiti a Bodinga aka kawo ta, numfashi na fita da ƙyar. Hayaƙin murhu na shekara da shekaru ya cinye mata huhu. Ni ke kula da masu ciwon ƙirji, don haka ni na sa mata abin shaƙar oksijin. Ta ɗaga shi da yatsa ta ce, "Takunkumi, kamar maraƙi?" Na ce ko banza mun huta da surutu.

A rana ta huɗu likita ya kira ni da babana. Ya ce oksijin ya kusa daina isar ta. Ana iya kai ta Sakkwato a zura mata bututu a maƙogwaro, inji ya riƙa yi mata numfashi. Amma ba za ta iya magana ba, kuma da irin huhunta da wuya a cire bututun tana raye. Ko kuwa a bar ta da oksijin da maganin da zai sauƙaƙa mata, har yadda Allah ya yi.

Baba ya ce, "A kai ta. Kada kowa shi hwaɗa mata komai." Baffannina suka ce haka ne, kar a karya mata zuciya.

Wallahi raina ya ɓaci. Bakinta za a rufe, amma an tambayi kowa ban da ita! Na ce, "Baba, ka tambaye ta mana." Ya dube ni ya ce, "Ni? Da wane bakin?" Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna Bafulatana ce ta ainihi. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko haɗa ido da shi tun yana yaro. Sai na gane ba taurin kai ba ne, tsoro ne ya kama shi. Na ce, "To ni fa?" Sai ya ce, "Kai ai mijinta ne."

Na shiga, shi ya tsaya bayan labule. Na faɗa mata komai, ban rage ba.

"Injin ga shina warkarwa?" in ji ta.

"Ba ya warkarwa, Inna. Yana iya ja wa mutum lokaci."

"In anka sa mini shi, ina iya salati da bakina?"

"Sai dai a zuci."

"Ina iya zaginka?"

"A'a."

"To ina amfaninai? Maida ni gida, ragon miji."

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na zuba. Duk da haka ban yarda da amsa ɗaya ba. Washegari da hantsi na sake tambayarta a gaban likita. Ta maimaita, sannan ta ɗaga murya wajen labule, inda Baba ya sake laɓewa: "A hwaɗa ma mai gidan ga ba shi da laihi. Ni nac ce."

Muka kai ta gida da tukunyar oksijin. Kullum in na tashi aiki sai in hau babur in bi hanyar nan mai taɓo, in duba ta, in ba ta magani. Kai, gidan ya koma kamar na suna! Ta sa aka jawo gadonta bakin ƙofa. Mata na shigowa da fura, tana kushe damun kowa. Ta yafe wa maƙwabciyar da akuyarta ta cinye mata rama, ta ce amma ita akuyar ba ta yafe mata ba.

Baba kuwa ya shimfiɗa tabarma bayan zana, wai yana tufka igiyar shanu. Igiyar nan ta ƙi ƙarewa. Inna ta lura, sai ta shiga ba ni labarin "wani yaro da na sani", da ƙarfi, tana hutawa tana shaƙar oksijin. Yadda yaron ya yi ƙyanda ta goya shi a ƙasa har Sifawa neman magani. Yadda take ɓoye masa man shanu a ƙasan tuwo don kar a ce ta nuna so.

Kwana goma sha biyu ta yi. Ta cika da hantsi, kuma duk wanda ke tsakar gida ya ji kalmar shahada daga bakinta.

Muna dawowa daga maƙabarta na bi bayan Baba daga nesa, don ni na hana a kai ta Sakkwato. Ya tsaya har na iso, ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba.

"Shekarata sittin," in ji shi, "sai a kwanakin ga na ji abin da uwata ke cewa a kaina."