Ba'amurken da Baba yake yi wa kirari

Shekara tara ke nan da muka binne Baba a nan Landan, amma har yau in na ratsa kasuwar Deptford sai na tuna ranar da ya dawo da wani tsohon littafi mai yagaggen bango. Tarihin wani Ba'amurke ne na ƙarni na sha tara, lauyan da ya ajiye takardu ya tafi yaƙin basasarsu, ya dawo da ɗingishi, mutanen garinsu suka tura shi majalisa. Rai ɗaya, aikin maza uku! Baba, tsohon likita, ya kamu da son mutumin nan kamar ɗan unguwarsu.

Ni ce 'yar farinsa, kuma ni ma lauya ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "waccan". Kunyar ɗan fari ce, na sani, amma sanin bai hana ciwo ba. Na so ko sau ɗaya ya ce na yi ƙoƙari. Ina! Duk Lahadi abokansa su cika falonmu na Barking, ina jiyo shi daga kicin yana zuba wa Ba'amurke kirari. Wallahi kishin mamacin Ba'amurken nan na yi.

Ranar sadakar uku, amininsa Alhaji Sule ya ce mini, "'Yata, mutumin Babanki jarumi ne. Shi fa ya hana council, hukumar unguwa, korar tsohuwar nan daga flat ɗin da take zaune a ciki."

Na ce, "Baba Sule, council kuma? A Amurka ta wancan zamanin?"

Ya yi murmushi. "Ai duk mun san ke ce."

Na karanta littafin kaf. Yaƙin yana nan, majalisar tana nan, babu tsohuwa. Shari'ar tsohuwar nan ita ce shari'ata ta farko.

Yau iyaye na yabon 'ya'yansu a waya duniya na gani, nawa 'ya'yan ma da Turanci suke amsa mini gaisuwa. Da Baba zai leƙo, da ya girgiza kai ya ce mun zubar da kunya. Amma shi ma ya san yabon gwani ya zama dole. Bai karya al'ada ba, bai kuma danne mini haƙƙi ba, sai ya ɗauki aikina ya ɗora wa mutumin da ya fi girmamawa.

Wannan hikimar har yau tana ba ni mamaki. Shekaru ina tsaye a kicin ina cika ina batsewa, ashe ni ake yabo. Allah Ya jiƙanka, Baba. Na ji.