Zaman da Na Yi a Motar Illela

Ban yi boko ba, maƙwabciyata malamar lakwal, wato makaranta, ita take rubuta mini wannan. A lokacin da abin ya faru, ni tsohuwa ce mai sayar da tuwo a bakin tashar Konni, ban daɗe da fita takabar maigidana ba. Allah Ya jiƙansa, har yau ba na ambatonsa ido a bushe.

Da kasuwa ta mutu, hanya ma ta mutu. Manyan motocin da ke hana mu barci suka ɗauke ƙafa, mai ya yi tsada, mutane suka daina tafiya sai ta zama dole. Direban da ke cin malmala uku ya koma ɗaya, daga baya sai gaisuwa. Motar Illela kuwa ba ta tashi sai ta cika, matafiyi kuma ba ya shiga motar da ya gani fayau. Sai wani ɗan kamasho ya ce in riƙa zama a ciki da ƙunshina kamar mai tafiya, in ta kusa cika in sulale, shi kuma ya ba ni ɗan abin goro. Ya ce furfurata ta fi ihunsa kiran mutane. Na yi dariya, na yarda.

Wata safiya wata mata ta shigo da ƙwaryar fura, za ta sunan jikanta na fari a Tajaye, kan hanyar Illela, tana son ta isa kafin a raɗa. Ta ce da babur za ta hau, amma da ta ga dattijuwa a zaune ta san motar mai tashi ce. Ta tambaye ni inda za ni, na ce Illela. Ta ɓara mini goro, ta riƙe hannuna, muka yi ta hira har hantsi ya wuce. Sauran da aka ɗauko haya irina suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kamasho yana ta ƙifta mini ido ta taga, ni kuwa kunya ta ɗaure ni. Haka mota ta tashi da ni, tukunyata tana kan murhu.

A hanya na faɗa mata gaskiya ina kuka. Sai ta kece da dariya, ta ce tunda na cinye mata safiya, dole in je in yi wa 'yarta bayani da bakina. Mun tarar an raɗa suna tun tuni, furar ta yi tsami. Na durƙusa gaban maijego na roƙi gafara, aka cika mini kwano da naman rago. Na ci, na yi godiya.

Ban sake zama a motar kowa ba. Maigidana shekara arba'in bai sa ni ƙarya ba, na yi ta da furfura bayan ransa. 'Yan uwana tsofaffi, komai mutuwar hanya, kada ku ba da hayar furfurarku. Akwai mai kallonta ta fasa hawan babur.